WALIMA ta rabu biyu, laifin wa?

Wan Ango: Jama'a ku zo ku ga aikin 'yan koyo. Kati 500 na ba wani shago nan cikin gari, sai ga WALIMA ta fito W can, ALIMA can, kamar sun yi faɗa. Ɗ ta ƊAURIN AURE ko ta fi 'yan uwanta ƙiba. Wai injin ne. Injin hannu gare shi?

Mai Shagon Kati: Alhaji, wa kake kira ɗan koyo? Tun ana yanka harafi da reza muke wanga aiki.

Ɗalibar Danfodiyo: Baba, injin bai san komai ba. Mai zanen haruffa shi ke rubuta a cikin fayil ɗin font, wato salon haruffan, cewa in W ta haɗu da A, a matso su kaza. Manhaja ke karanta wannan ta lissafa mazaunin kowane harafi, sannan ta miƙa wa injin. Tsoffin manhajojin Word ba su wannan matsowar sai ka kunna da kanka. Ɗ kuwa, in font ɗin ba shi da ita, sai a aro daga wani, kuma baƙuwa ba ta cikin lissafin masu gida.

Mai Shagon Kati: 'Yata, na ji, amma dai ya janye ɗan koyo.

Kawun Amarya: Mi na ne abin zagi? Kowa da koyo ya fara.

Mai Shagon Kati: Kawu, da a ce wa ɗanka tela haka, ka yarda?

Yaron Shago: Mu manhajar zane ta CorelDraw munka sani. Mai buga kati da Word ai shi ne ɗan koyon.

Wani Bakano: Ku kawo Kano a yi maku.

Yaron Shago: Kun ji shi. Bara can anka buga mana kalanda, Sakkwato da k ɗaya.

Ɗalibar Danfodiyo: Da an mai da katin fayil ɗin PDF an duba kafin bugu, tazarar tana zaune a ciki, ba ta motsi.

Wan Ango: Ni kuɗina nike magana!

Admin: To ya isa. Abin da na fahimta, Alhaji ya zagi masu sana'a, kuma bai duba samfur ba kafin a buga. Mu masu bugu an cika ɗora mana. Bakano, gargaɗi na farko. Na rufe.