Kalmar "bakshish": tukuici ce ko cin hanci, kuma daga wane harshe ta fito?

Baƙon Alƙahira:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harshe na wannan zaure a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun da na zo karatu Masar. A makon farko, wani dattijo mai tsaron takalma a ƙofar masallaci ya miƙo mini takalmana, sannan ya buɗe tafin hannunsa yana murmushi, ya ce "ba'shish". Na ba shi 'yan kuɗin da ke aljihuna, ya yi mini addu'a, na tafi ina ganin tukuici na bayar. Daga baya wani abokina da ya yi karatu da Faransanci ya ce mini shi a saninsa wannan kalma cin hanci take nufi. Shin Larabci ce asalinta, kuma wace ma'ana ce ta gaskiya a cikin biyun?

Malamin Harsuna:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar ba Larabci ba ce, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka saboda a bakin Larabawa suka fara jin ta. Asalinta Farisanci ne, harshen mutanen Iran, daga aikatau "bakhshidan", wanda yake nufin bayarwa, yake kuma nufin yafewa. Har yau idan Ba'iraniye zai ce maka "yi haƙuri" ko "gafara dai", cewa yake yi "bebakhshid", kuma daga tushe ɗaya suke da kalmar da kake tambaya a kai. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a Iran ɗin kanta, "bakhshesh" ta fi karkata ga karamci da yafiya, shi kuwa ɗan abin da ake ba ma'aikacin gidan abinci, da kalmar Larabci "in'am" aka fi kiran sa.

Hanyoyi biyu manya kalmar ta bi ta bazu. Ta farko ita ce Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda harshen fadarta yake cike da kalmomin Farisanci. A can, idan sabon sarki ya hau gadon sarauta, akwai kyautar kuɗi da ake raba wa sojoji, ana kiran ta "bahshish" na hawan mulki, kuma sojojin sun ɗauke ta a matsayin haƙƙinsu, har sukan tayar da ƙayar baya idan aka jinkirta ta. Turkawa sun ci Masar a 1517, sun kuma daɗe suna mulkin yankin Balkan, shi ya sa za ka tarar da kalmar a Larabcin Masar da na Sham, da harsunan Girka da Albaniya da Bulgeriya da Romaniya. Misirawa suna rubuta ta da harafin ƙafun, amma a Alƙahira ba sa furta wannan harafi, abin da ya sa ka ji dattijon ya ce "ba'shish". Hanya ta biyu ita ce Indiya, inda Farisanci ya kasance harshen mulki da shari'a tun kafin zamanin sarakunan Musulmi na daular Mughal har zuwa 1837, lokacin da Turawan Ingila suka sauya shi. A Urdu, harshen Pakistan da wasu sassan Indiya, kalmar ta riƙe fuska biyu: ana faɗar ta ga kyautar da maigida yake ba yaronsa, ana kuma faɗar ta wajen roƙa wa mamaci gafarar Allah.

Don haka ban ga laifin fassararka ba. Abin da ka bayar a ƙofar masallaci ya fi kusa da tukuici ko ihsani.

'Yar Damagaram:

Malam, na gode da wannan bayani, amma ina ganin abokin mai tambaya ma bai yi kuskure ba. Mu da muka yi boko da Faransanci, ba mu taɓa sanin "bakchich" da wata ma'ana mai kyau ba. A jarida, idan an rubuta ta, ana nufin abin da ake cusa wa jami'i a hannu domin takarda ta fito da wuri ko mota ta wuce shinge. Kyautar da ake ba wanda ya yi maka hidima tana da nata suna daban a Faransanci, wanda ma'anarsa ta zahiri ita ce kuɗin shan wani abu. Wanda ya ce da ma'aikacin ofis a Yamai ya karɓi "bakchich", zargi ya yi masa, kuma ba za a ɗauke shi da wasa ba.

Malamin Harsuna:

Gaskiyarki, 'yar'uwa, kuma nan ne maganar ta fi daɗi. Turawa sun ɗauki kalmar ne daga bakin masu ɗaukar kaya da masu gadi da masu yi wa baƙi jagora, tun daga ƙarni na 17 a Ingilishi, saboda haka sun ji ta a matsayin roƙo da matsi, ba su ji ta daga ɓangaren mai bayarwa da zuciya ɗaya ba. A ganina wannan ne ya ɓata mata suna a Turai ta yamma. Su kuwa Turkawa, har gobe suna bambanta "bahshish", wadda ake barin ta a kan tebur bayan cin abinci ba tare da kunya ba, da "rushvet", wadda ita ce cin hanci, kuma daga kalmar Larabci ɗaya ta fito da tamu "rashawa". Sojojin Ingila da suka yi aiki a Indiya da Masar sun ma lanƙwasa "bakshish" zuwa "buckshee", wato abin da aka samu a kyauta. A Bulgeriya kuma, a maganar titi, direban tasi ake kira "bakshish".

Tsohon Tafinta:

Zan ƙara abu ɗaya daga aikin fassara. Hausa ba ta ari wannan kalma ba, ko da yake Suwahili ta are ta, kuma ina ganin dalili shi ne muna da namu kalmomi da suka raba ma'anonin tun tuni. Tukuici na ɗan aike ne da ya kawo maka saƙo ko kyauta, sadaka ta mabuƙaci ce domin Allah, toshiyar baki kuwa kowa ya san inda ta dosa. Wadda ta fi kama da "bakshish" wajen ɗaukar fuska biyu ita ce goro: goron albishir da goron sallah babu mai jin kunyarsu, amma idan mutum a bakin shinge ya ce a ba shi na goro, ma'anar ta koma wani wuri. Idan na haɗu da kalmar a rubutu, nakan fara duba wanda ya rubuta, Bamisire ne ko Bafaranshe, kafin in zaɓi ta Hausa da zan sa a gurbinta.