Ɗigon ruwa a kan kafa (agidi): wane suna za mu ba ƙarfin nan?

Malamin kimiyya, Ringim: Salamu alaikum. Ina neman sunan ƙarfin da ke sa ɗigon ruwa ya dunƙule, yake kuma riƙe allura a saman ruwa. A ruwa mai tsabta awonsa kusan 0.072 niyuton (ma'aunin ƙarfi) ne a kowace mita. Na so in ce "yanar ruwa".

Malama, Gwarzo: Malam, yana wani abu ne dabam da ke kwanciya a kan kunu, ana iya yaye ta da ludayi. Nan kuwa ruwan ne da kansa yake jan samansa. Kuma a cire "ruwa" daga sunan, don daskararren abu mai laushi ma yana da irin wannan jan. Shi ya sa kaifin kusurwar jel mai laushi sosai yake dakushewa da kansa.

Ɗalibi, Kazaure: To "ɗaurin fuska" fa, Malama?

Malama: Ɗana, sai a zaci ruwan fushi yake yi! "Ɗamewar sama" ta fi, kamar yadda ake ɗame fatar ganga.

Malamin kimiyya: Na karɓa. Saura abin da take yi wa abu mai laushi. Gefen ɗigon yana jan abin sama, ya tayar da ɗan tudu zagaye da shi, tsakiya kuma ta lotsa saboda matsin cikin ɗigon. Girman tudun: a raba ɗamewar da taurin abin. Jel mai taurin faskal 3,000 (faskal shi ne ma'aunin taurin) zai ba da kusan maikuromita 24 (maikuromita ɗaya bisa miliyan ce ta mita), bai kai kaurin gashi ba. Ƙarfe mai faskal biliyan 200 kuwa, amsar ba ta kai girman atam ba, shi ya sa lissafin da masanin kimiyya Thomas Young ya yi a 1805, na kusurwar da ɗigo ke yi da abin da ya zauna a kai, ya isa a kan abu mai tauri.

Injiniya, Haɗeja: Ranka ya daɗe, tudun nan ai kunya ce irin ta gona: "kunyar ɗigo". Amma kada a gwada a kan kafa, tana shan ruwa, ɗigon zai baje. Jel ɗin silikon ake amfani da shi, da madubin likita. A kuma wanke hannu tas, don ɓurɓushin sabulu yana rage ɗamewar zuwa ƙasa da rabi, kunyar ta kwanta.

Malama: A rubuta su biyun haka. Ita tsakiyar a bar ta a lotsawa.