Neman shawara: ta yaya za mu sa gwamnati ta ɗauki nauyin gwajin sankarar hanji?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 40 da rasuwar mahaifinmu. Shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, mu da shi duk muna cewa basir ne. Babu jiƙon da bai sha ba, har yanzu jarkokin na jere a ƙarƙashin gadonsa, na kasa zubarwa. Sai da wando ya daina zama a ƙugunsa muka kai shi asibiti. Aka zura na'ura aka duba, likita ya ce sankarar babban hanji ce, har ta kai hanta. Ya ce da an gan ta tun tana ɗan tsiro, cirewa kawai za a yi. Na san kwana ne ya ƙare, amma maganar nan ta hana ni barci. Ƙanwata da ke aure a Ingila ta ce can daga shekara 50 gwamnati ke aiko wa mutum 'yar kwalbar gwajin bayan gida har ƙofarsa, kyauta. Ina so mu nemi gwamnatinmu ta Kano ta sa kuɗi a irin wannan, sai dai ban san ta inda zan ɓullo wa lamarin ba.

Likita daga Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinya ta zama kaffara. Hajiya, kafin gwamnati, ke da 'yan uwanki tukuna. Wanda uwa, uba ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon nan, ana so a duba hanjinsa da na'ura daga shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na majinyacin, duk wanda ya riga zuwa.

Batun gwamnati kuma, kada ku roƙi kwalba ita kaɗai. Gwajin kwalbar nan, da ake kira FIT, ɓoyayyen jini yake ganowa a bayan gida, ba ya cewa sankara ce. Likitocin Ile-Ife sun jagoranci wani bincike a Osun, Kwara da Legas, aka wallafa a 2022: kusan mutum ɗaya cikin biyar gwajin ya nuna jini, amma ƙalilan ne aka samu da sankara. Duk wanda gwajinsa ya nuna jini kuwa sai an duba shi da na'ura kafin a sani. To ki ce wa manomi an ga jini, sannan ki bar shi da kuɗin da bai da shi, ai kin jefa shi cikin tashin hankali. Ku nemi uku a haɗe: gwajin, na'urar, da horar da masu aiki da ita. Wanda kuma yake ganin jini da idonsa kamar Baba, ba FIT zai jira ba, asibiti zai nufa.

Baban Khalifa: Allah ya ba ku haƙuri. Amma gaskiya, ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, zazzaɓin cizon sauro na kwashe yara, wa zai saurare ki?

Tsohon ma'aikacin majalisa: Za a saurare ta, Malam, in ta zo da abin da zai ɗauku. 'Yata, kada ki ce a gwada duk jihar. Ki rubuta shafi ɗaya: ƙaramar hukuma guda a fara da ita, masu shekara 45 zuwa sama, kuɗi kaza. Likita ya taimaka miki da lissafin. Ki kai wa ɗan majalisar mazaɓarku da shugaban kwamitin lafiya tun kafin gwamna ya gabatar da kasafi, ki kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a. Ki ba KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, kwafi, ki nemi su sa gwajin cikin abin da inshorarsu ke biya. A tarayya akwai NICRAT, cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa. Asusun tallafa wa masu sankara marasa galihu ya fara ne da ta nono, ta bakin mahaifa da ta furostat (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar maza), don haka roƙon a ba ta hanji muhimmanci yana da hujja. Ki tuna musu alkawarin Abuja na 2001 da shugabannin Afirka suka ɗauka, kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Abin da na gani da idona a shekarun aikina: sa kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. Duk wata uku sai kun koma kun tambaya.

Inna Mai Islamiyya: Ni kunya nake jiye muku. Magidanci ba zai miƙa wa yarinya ma'aikaciya kashinsa a kwalba ba. Ku fara da limaman Juma'a da masu unguwanni, ku shiga rediyo ranar 4 ga Fabrairu, ranar sankara ta duniya, da watan Maris, watan faɗakarwa kan ta hanji. Ɗalibaina mata 60 ne, duk ranar da za ki majalisa ki sanar da ni.

Maman Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, Baba yana da 58 aka gano, ni ina da 41, ke nan lokacina ya yi. Na kira Yaya, ranar Litinin za mu je tare. Baba Alhaji na majalisa, zan turo maka shafin ka duba min kafin Juma'a.