Faifan The Fairy-Queen ba tare da wasan kwaikwayonsa ba, ha'inci ne?

Mai Garaya: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ana tattara waƙoƙin Henry Purcell, mawallafin kiɗa ɗan Ingila, zalla a faifai, a ce wai opera (wasan kwaikwayo na waƙa) ɗin The Fairy-Queen ke nan. Ha'inci ne. Da aka fara nuna shi a gidan wasa na Dorset Garden a Landan a 1692, Titania da Oberon, sarauniya da sarkin aljanu, magana suke yi, aljanu da makiyaya ne ke rerawa a tsakanin labarin. In ka cire maganar, wa ake yi wa waƙar?

Yaya Babba: Malam, gyara kalmarka tukuna. Wannan ba opera ba ce, rabin opera ce. Opera ɗin Purcell ita ce Dido and Aeneas, wadda ake rerawa tun daga farko har ƙarshe.

Ɗan Birni: Haba Yaya, ai su Turawan Ingila na lokacin opera suke kiran irin wannan. Marubuci John Dryden da kansa haka ya kira wasansa King Arthur, wanda Purcell ya yi wa kiɗa, a 1691. Ke kika fi shi sani?

Yaya Babba: Sunan da Dryden ya ba shi bai mayar da magana waƙa ba, ƙanena.

Alhaji Mai Littafi: Kun bar babban abu. Daga wasan Shakespeare na A Midsummer Night's Dream aka ɗauko labarin, amma Purcell bai ɗora kiɗa kan baiti ko ɗaya na Shakespeare ba. Wani ne ya datse wasan ya rubuta sababbin baitoci, ana zaton ɗan wasa Thomas Betterton ne.

Ɗan Birni: Zato ne kawai, ranka ya daɗe. Littafin wasan bai ɗauke da sunan kowa ba.

Alhaji Mai Littafi: To wa ke tafiyar da gidan wasan a lokacin?

Mai Garaya: Ku dawo kan faifai mana.

Yaya Babba: Wanne za a sa a faifan? An ƙara waƙoƙi a 1693. Takardun kiɗan suka ɓace bayan rasuwar Purcell a 1695, har aka sa ladan gini (kuɗin zinari na Ingila) 20 ga wanda ya gano su a 1701, sai bayan shekara kusan 200 aka gano su a laburaren Royal Academy of Music. Kiɗan kaɗai ya kusa awa 2. Ka haɗa da 'yan wasa, mawaƙa da 'yan rawa, ƙungiya uku ke nan za ka biya.

Ɗan Birni: Amma a bikin opera na Glyndebourne a Ingila an haɗa duka a 2009, William Christie na jagorantar makaɗa.

Alhaji Mai Littafi: A taƙaice dai, kowa ya yarda kalmar opera kuskure ce, kuma Betterton ne ya rubuta. A rufe haka.

Ɗan Birni: Ni ban yarda ba, Alhaji.