Don Allah a taimaka, alƙaluman ruwa sun rikita ni

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Furojet ɗina a kan ruwan sama ne da ƙafewar ruwa, na karɓo bayanan wata tashar auna yanayi na 1975 zuwa 2020, sai da na yi ta zarya kamar mai bin bashi, yau mai makulli ya tafi hutu gobe littafin ya ɓace, ga supabaiza na ta kira ga difens ya matso. Matsalar dai zafi na ƙaruwa amma ruwan da ke ƙafewa a baho, wato mazubin da ake auna ƙafewar ruwa da shi a tashar, raguwa yake. Supabaiza ya ce shirme na yi. Shekarun da babu komai kuma na cike su da matsakaici. Ya zan yi?

Ɗan lissafi: Ba shirme ba ne ƙanina. An ga haka a Amurka, tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Sin da Ostireliya. Ba zafi kaɗai ke ƙafar da ruwa ba, akwai hasken rana, ƙarfin iska da laima, in iska ta lafa ko hayaƙi ya tare rana dole baho ya nuna ƙasa. Shirmen naka shi ne cike giɓin nan, yana kwantar da layin da ke nuna ƙaruwa ko raguwa. Bar giɓin, ka yi gwajin Mann-Kendall, wato lissafin gano ko alƙaluma na hawa ko sauka tsawon shekaru, shikenan.

Tsohon ma'aikaci: Kun taɓa ganin bahon ma? Samfurin da ake kira Class A faɗinsa kusan santimita 121, a buɗe, tsuntsaye na sha, ranar da aka ɗora masa raga lissafi ya sauka. Tambayi ko an taɓa matsar da tashar ko gine-gine sun kewaye ta. Mu da muka yi ta auna ruwa da sassafe ba wanda ke tuna mu, sai dai a zo a kwashi littafi.

'Yar aji: Ni dai ka watsar ka ɗauki CHIRPS, wato bayanan da ake haɗawa daga tauraron ɗan'adam da tashoshi, tun 1981 yake. Nawa supabaizan ko buɗe fayil ba ya yi wallahi.

Ɗan lissafi: A'a, CHIRPS ruwan sama ne kawai, ina ruwansa da baho? Ku daina ruɗa yaro.

Mai tambaya: Na gode, amma giɓin fa ba yawa, kuma wani ya yi haka an sa masa hannu. Ban da lokacin komawa tashar gaskiya.

Tsohon ma'aikaci: To shekara nawa ne giɓin? Har yanzu ba ka faɗa ba.