Gina gidaje a filin tsohuwar masana'anta: shawarwarin da aka bayar

An nemi shawara kan gina gidaje a filin tsohuwar masana'anta, kuma cikin waɗanda suka amsa kusan kowa dai bakinsa ɗaya, kar a sa bulo ko ɗaya sai an gwada ƙasar da ruwan ƙarƙashinta, saboda dalma da tsohon man inji ba sa ɓacewa don an rushe gini, kuma yara masu wasa a ƙasa su dalmar ta fi yi wa illa. Wasu sun ce a kwashe ƙasar gaba ɗaya a zubo sabuwa, wasu suka ce tsada, a rufe ta da kankare kawai. Ni dai kwashewar ta fi kwanta min. Wani ya tuno unguwar Love Canal a Amurka, inda aka kwashe mazauna a 1978 saboda gubar da aka binne. Rijiya ko bohol kam, an ce a haƙura.