Bindiga a Hannu, Gicciye a Wuya: Musayar Waƙa

Mai Gyaran Littattafai:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Zancenmu yau shi ne yadda ake rubuta jarumi mai bin Almasihu a labarin fargaba da artabu. Baiti ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Na buɗe.

In kalma dubu 80 ka nufa,
Kasa su huɗu, kowane kashi ƙafa,
Rubu'in farko nan ake jefa
Jarumi cikin tsaka mai wuya.

Kalma dubu 2 sun ishi babi,
Ba jarumi awa 48 kafin harbi,
Agogo na gudu, shi yana gudun zunubi,
Matsi biyu ke nan a zuciya ɗaya.

A tsakiyar littafi kawo gwaji,
Wanda ya fi ƙarfin faɗin ƙirji,
Hanya biyu, kowace da ciwon da zai ji,
Nan ceton rai, can riƙon gaskiya.

Malamar Adabi:
Malam, ga inda bango ke tsagewa:
Ana bin jarumi, mota na ƙonewa,
Sai marubuci ya tsai da kowa da kowa,
Shafi 3 na wa'azi a tsakiyar hanya.

Mai karatu ya rufe, ya tafi abinsa,
Muryar marubuci ta danne ta jaruminsa,
Bitrus da ya fara nitsewa, ji kukansa:
"Ubangiji, cece ni!" Ba ƙari ko ɗaya.

A fagen artabu layi ɗaya ya isa,
Doguwar addu'a sai dare ya yi nisa,
Ƙura ta lafa, shi kaɗai a ƙasa,
Hannu na rawa, hawaye na cin murya.

Ɗalibi:
Mama, ga tambaya mai nauyi:
Jarumi ya ɓoye yara a ɗaki mai sanyi,
Maharba na ƙofa, to me zai yi?
Ya bashe su, ko kuwa ya yi ƙarya?

Dattijo Malamin Tauhidi:
Yaro, Rahab ta ɓoye mutum 2 a soro,
Ta rufe su da rama, ta haɗiye tsoro,
Ta ce sun fita, ta karkatar da taro,
Joshuwa sura 2, karanta gaba ɗaya.

Ibraniyawa 11 ta yabi bangaskiyarta,
Yakubu sura 2 ta yabi aikinta,
Amma ba ayar da ta yabi ƙaryarta,
Nan malamai suka rabu, kowa da tasa hanya.

Agustin, malamin coci na dā, ya ce ko ta ceton rai zunubi ce,
Wasu suka ce tsare marar laifi farilla ce,
Kai marubuci, gardamar nan dukiya ce,
Bar jarumi ya zaɓa, sannan ya biya.

Malamar Adabi:
Baba, ƙarya da sauƙi, ina batun kisa?
Jarumi ya harbe 12, ya bar su a ƙasa,
Babi na gaba yana raha abinsa,
Wannan gunki ne da gicciye a wuya!

Dattijo:
'Yata, Romawa 13 ta ba hukuma takobi,
Ta 12 ta hana ramuwa ga mai bi,
Tsakanin biyun ake auna zunubi:
Don tsaro ya harba, ko don ƙiyayya?

Dauda a kogon En-gedi, Saul na gabansa,
Mutanensa na raɗa, yau ce ranar kisansa,
Gefen riga kawai ya yanka, ya bar masa ransa,
Duk da haka zuciya ta soke shi kamar ƙaya.

Mai Gyara:
Baba, irin fitowar nan matakinta 4 ne:
Fari, mugu ya faɗi, makaminsa nesa ne,
Biyu, babu shaida, kango ne, dare ne,
Uku, aboki na zuga shi daga baya.

Na huɗu, yatsa a kan kunama,
Jimloli gajeru, numfashi sama-sama,
Daƙiƙa 5 su cinye shafi kafin a gama,
Ya sauke hannu domin biyayya.

Sannan farashi: mugun nan ya tsere,
Babi 3 gaba ya dawo da dare,
Ya hallaka abokin da suke tare,
Matar abokin ta zo da tambaya.

Ɗalibi:
Malam, to ina hannun Allah?
In sa mu'ujiza ta yanke wahala,
Bindigar mugu ta cije, a kammala,
Kowa ya koma gida lafiya?

Malamar Adabi:
Ƙanena, in za ta cije, shuka dalili,
Tun babi na 5 mu ga tsatsa a fili,
Mu san mai ita malalaci ne tun asali,
Ceton da babu shuka, mai karatu zai ce ƙarya.

Littafin Esta, sura 10, ba sunan Allah a ciki,
Amma dare ɗaya barci ya ƙaurace wa sarki,
Gari ya waye Haman na zagaya da Mordekai a doki,
Hannu na aiki a ɓoye, babu murya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku bar ni in sa baki kan rauni,
Harsashi a kafaɗa ba wasa ba ne, ku ji ni,
Akwai ƙashi, da jijiya, da babbar hanyar jini,
Makonni hannun zai yi rataye a wuya.

Raunin nan kuwa riba ne ga labari,
Mai taƙama ya kasa kwance ɗauri,
Wanda ya raina ke wanke shi da haƙuri,
Girman kai ya karye, babu wa'azi ko ɗaya.

Dattijo:
Mugun ma a ba shi fuska irin tamu,
Da dalili, da 'ya'ya, da tsoro irin namu,
Sarki mai Zabura ne fa, mu tuna wa kanmu,
Ya ba da wasiƙar kisa a hannun Uriya.

Kar ku tubar da shi a shafin ƙarshe,
Tuba na son lokaci, ya wuce motsin harshe,
Ya amsa laifi gaban dangin wanda ya kashe,
Ko an gafarta, kurkuku na nan, zai biya.

Ɗalibi:
Saura matar nan da ke tsaye a ƙofa,
"Don me ka bar shi?" ita ce kalmar da ta jefa,
Wace aya zan ba jarumi ya dafa?
Ko in bar shi tsaye cikin kunya?

Malamar Adabi:
Kar ka ba shi aya, bar bakin a rufe,
Abokan Ayuba kwana 7, dare da safe,
Suna zaune a ƙasa, harshensu a ƙafe,
Sai da suka buɗe baki suka ɓata tafiya.

Ya bar bindiga a mota, ya zauna bakin ɗaki,
Ya ce, "Ni na bar shi," bandeji na jiƙewa a jiki,
Ta yi shiru, ta share ido, ta koma ciki,
Ƙofar dai a buɗe. Yanke babin, shafi ya juya.